BABI NA UKU: RANAR TUNAWA DA 'YAN MAZAN JIYA A KADUNA DA YADDA TAKE ISA GA YARAN UNGUWAR SANUSI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kafuwar garin Kaduna da bunƙasar unguwanninsa. A wannan babi kuwa za a dubi bikin Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya, wato ranar da ƙasa ta keɓe domin girmama sojojin da suka rasu a fagen fama da waɗanda suka dawo da rai. Za a kawo asalin bikin da sauyin da ya samu, sannan a dubi hanyoyin da labarinsa yake bi ya isa ga yara a Unguwar Sanusi, wadda take cikin Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Kudu. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, duk da cewa hukuma ce take shirya bikin, ɗorewarsa a zukatan jama'a ta dogara ne ga gida da masallaci da makaranta.

3.1 Kaduna a Matsayin Garin Soja

Alaƙar Hausawa da aikin sojan Turawa ta girmi garin Kaduna. Tun a shekarar 1863 Baturen nan John Glover ya tara wata 'yar runduna a Ikko wadda aka san ta da sunan Hausawan Glover. A shekarar 1897 kuma aka kafa Rundunar Tsaron Iyakokin Afirka ta Yamma a ƙarƙashin Lugga, wadda ake taƙaita sunanta da WAFF. Da Hausa ake magana tsakanin hafsoshi da kurata a ɓangaren Nijeriya na wannan runduna har tsawon shekaru da dama.

Sojojin wannan runduna suna cikin waɗanda suka fara zama a Kaduna, kafin a kammala dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a shekarar 1917. Saboda haka ba kuskure ba ne idan aka ce bariki ya riga unguwa a wannan gari. Har yau akwai shaidar haka a bakin jama'a, domin babban titin da aka sauya wa suna zuwa Titin Muhammadu Buhari, da yawa daga mazauna garin ba su daina kiransa Titin Waff ba. Bayan samun mulkin kai, an buɗe Kwalejin Horar da Hafsoshin Soja, wato NDA, a shekarar 1964, kuma a garin ne hedikwatar Runduna ta Ɗaya take. Ita kanta Unguwar Sanusi ba ta da nisa da Asibitin Sojoji na 44. Kamar yadda aka saba gani a garuruwan bariki, soja idan ya ajiye kaki yakan nemi matsuguni a unguwannin da ke kewaye, ya ci gaba da zama da iyalinsa a cikin farar hula.

3.2 Asalin Bikin

Bikin ya samo asali ne daga Ingila. An tsagaita wuta a Yaƙin Duniya na Ɗaya da ƙarfe 11 na safiyar ranar 11 ga Nuwamba, 1918. A shekarar da ta biyo baya Sarki George na Biyar ya nemi a yi shiru na minti biyu a daidai wannan lokaci domin tunawa da waɗanda suka mutu. Daga nan al'adar ta bazu zuwa ƙasashen da Ingila take mulka, har da Nijeriya, tare da al'adar maƙala jan fure a ƙirji.

Ko da yake siffar bikin baƙuwa ce, mamatan da ake tunawa akwai 'yan ƙasa a cikinsu. Sojojin Nijeriya sun yaƙi Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, daga bisani aka kai su Afirka ta Gabas. A Yaƙin Duniya na Biyu suna cikin waɗanda suka ƙwace Mogadishu daga hannun Italiya a watan Fabrairun 1941. Bayan haka aka tura Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma zuwa ƙasar Bama, inda suka gwabza da Japanawa a yankin Arakan, suka kama garin Myohaung a watan Janairun 1945. Dawowar waɗannan mayaƙa ce ta sa Malam Sa'adu Zungur ya rubuta waƙarsa mai suna Maraba da Soja. Haka kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a shekarar 1939, ita ce ta riƙa kai wa mutanen Arewa labarin yaƙin da harshensu.

Hukumar soja ta adana wannan tarihi a cikin sunayen barikoki. A Kaduna akwai Barikin Dalet da Barikin Kalapanzin, waɗanda dukkansu sunayen wurare ne a ƙasar Bama. A Zariya akwai Barikin Chindit, a Legas kuma akwai Arakan da Myohaung. Yaro zai iya girma yana jin waɗannan sunaye a bakin masu motar haya ba tare da ya san daga inda suka fito ba, sai fa idan an samu wanda ya gaya masa.

3.3 Komawar Bikin 15 ga Janairu

Yaƙin basasar Nijeriya ya fara ne ranar 6 ga Yuli, 1967. Ya ƙare a hukumance ranar 15 ga Janairu, 1970, lokacin da Philip Effiong ya miƙa wuya ga Janar Yakubu Gowon a Barikin Dodan da ke Legas. Bayan wannan yaƙi ne Nijeriya ta bar 11 ga Nuwamba ta mayar da bikinta 15 ga Janairu. Da wannan sauyi bikin ya tashi daga gādon mulkin mallaka ya koma na tarihin ƙasa.

Sai dai a Kaduna wannan rana tana ɗauke da wani nauyi na daban. A daren 15 ga Janairu, 1966 ne aka kashe Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, a gidansa da ke wannan gari. A wannan dare kuma, a Kadunan dai, aka kashe Birgediya Samuel Ademulegun da Kanar Ralph Shodeinde. A Legas aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa da Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad da Laftanar Kanar Abogo Largema da Laftanar Kanar James Yakubu Pam. Wato ke nan rana guda ta haɗa mafarin fitina da ƙarshenta. Wannan ne ya sa idan aka ambaci 15 ga Janairu a gaban dattijon Kaduna, sau da yawa Sardauna ne yake fara faɗo masa a rai kafin faretin soja. Duk wanda zai bayyana wa yaro ma'anar ranar, tilas ne ya bayyana masa abubuwan biyu, domin kowanne ba ya cika sai da ɗan'uwansa.

3.4 Yadda Ake Gudanar da Bikin

Bikin ba na yini ɗaya ba ne. Ana farawa da ƙaddamar da bajon tunawa, wanda ake sayarwa domin tara kuɗin taimakon tsofaffin sojoji da matan da aka mutu aka bari da marayu. Ƙungiyar Tsofaffin Sojoji ta Nijeriya, wadda doka ta kafa a shekarar 1964, tana da babban matsayi a wannan aiki. Daga nan sai a yi addu'o'i na musamman a masallacin Juma'a, ranar Lahadi kuma a yi a coci.

A ranar 15 ga wata ake rufewa da fareti. Shugaban Ƙasa yakan jagoranci na Abuja, gwamnoni kuma na jihohinsu. A Kaduna an sha yin taron a Dandalin Murtala. Akan busa begila, a yi shiru na ɗan lokaci, manyan baƙi su ajiye furanni ɗaya bayan ɗaya, a harba bindiga, sannan a saki fararen tantabaru a matsayin alamar zaman lafiya. Waɗanda ake tunawa sun ƙaru da tafiyar zamani. Sun haɗa da sojojin da suka je Kwango daga 1960 zuwa 1964, da na rundunar ECOMOG da ta shiga Laberiya a 1990 kafin Saliyo, da kuma waɗanda suka rasu a yaƙi da Boko Haram tun daga 2009, irin su Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali wanda aka kashe a Malam Fatori a watan Nuwamban 2016.

3.5 Hanyoyin Isar Al'adar ga Yara

Hanya ta farko ita ce halartar taron. Yaron da mahaifinsa ko kakansa ya riƙe masa hannu zuwa filin fareti, ya ga tsoho da lambobin yabo a ƙirji yana ƙoƙarin ƙamewa, ya ji ƙarar bindiga, da wuya ya manta. Amma wannan hanya ƙunƙuntacciya ce. Ranar ba ta hutu ba ce, don haka idan ta faɗo a tsakiyar mako yara suna makaranta. Bugu da ƙari, matakan tsaro sukan sa talaka ya ga kamar taron na manya ne da masu kaki kawai.

Hanya ta biyu ita ce addu'a. Ajiye furanni da yin shiru ba sa cikin yadda Bahaushe Musulmi yake tuna mamacinsa. Abin da ya sani shi ne ya roƙa masa gafara, ya yi masa sadaka, ya ziyarci maƙabarta, ya kuma kula da marayun da ya bari. Saboda haka addu'ar ranar Juma'a ita ce ɓangaren bikin da ya fi dacewa da rayuwar unguwa irin Unguwar Sanusi, kuma nan ne yaro yake iya bin babansa ba tare da katin gayyata ba. Ga iyalan Kirista kuwa, taron coci na ranar Lahadi shi ne yake yin wannan aiki.

Hanya ta uku ita ce hira a gida. Tsohon soja yakan ba jikokinsa labarin jirgin ruwa da daji da yunwa da abokan da ba su dawo ba. Tsohon hoto da lambar yabo da takardar sallama da ke ƙasan akwati su ne kayan koyarwarsa. Wannan hanya ta fi sauran tasiri, domin a nan mamacin yana da suna da gari da dangi.

Hanya ta huɗu ita ce makaranta, kuma ita ce ta fi samun rauni. An cire darasin Tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar ilimin matakin farko tun wajen shekarar 2009, sai a shekarar 2022 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin mayar da shi. Yaran da suka yi firamare a tsakanin waɗannan shekaru sun tashi da ƙarancin sanin yaƙin basasa, balle na Bama.

3.6 Barazanar da Al'adar Take Fuskanta

Babbar barazana ita ce ƙarewar masu ba da labari. Wanda yake da shekara 18 a 1945, in yana raye, ya haura shekara 95. Wanda yake da shekara 18 a 1970 ya wuce 70. Yawancin ƙananan sojojin wancan zamani ba su rubuta abin da suka gani ba, don haka duk wanda ya rasu ya tafi da nasa kason na tarihi. Hausawa na cewa, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba; to, idan babban ya kau bai faɗa ba, asarar ta yaron ce.

Barazana ta biyu ita ce halin da tsofaffin sojoji suke ciki. An sha ganin su suna zanga-zanga a Abuja a kan haƙƙoƙinsu na fansho. Yaro yana lura da abin da ake yi fiye da abin da ake faɗa. Idan ya ga an girmama kakansa da fareti a watan Janairu, sannan ya ga yana fama da kuɗin magani a sauran watanni, darasin da zai ɗauka ba shi ne wanda bikin yake son koyarwa ba.

3.7 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya ta shigo ne ta hannun Turawa, yaƙin basasa ya mayar da ita ta ƙasa, kisan 1966 kuma ya ba ta ma'ana ta musamman a Kaduna. An kuma ga cewa filin fareti ba ya ɗaukar yaran unguwa da yawa, don haka nauyin ya koma kan iyaye da limamai da malaman makaranta. Idan makarantun Unguwar Sanusi za su riƙa gayyatar tsofaffin sojojin da suka rage su yi wa ɗalibai bayani a makon bikin, a kuma naɗi muryoyinsu a adana a wuri irin Gidan Arewa, to za a ceto wani abu kafin lokaci ya ƙure. A babi na gaba za a dubi rayuwar matan sojoji da marayunsu bayan barin bariki.