Tanadin Tsufa a Karkarar Kano: Gandu, Wakilci da Wasiyya a Rijiyar Zaki

Rijiyar Zaki tana yamma da birnin Kano, a kan hanyar Gwarzo, cikin ƙasar Ungogo. Yau unguwa ce cike da gidaje da kantuna, amma a zamanin En'e ƙauye ne a cikin karkarar nan da ta kewaye birni, inda gona ke manne da gona, a ke noma su kowace shekara da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. A gundumar Ungogo ne M. J. Mortimore da J. Wilson suka yi binciken da aka buga a Zariya cikin 1965 a kan wannan karkara, Polly Hill kuma ta yi nata a Ɗorayi, maƙwabciyar Rijiyar Zaki, cikin 1971 da 1972. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne, idan tsufa ko ciwo ya raba magidanci da ƙarfinsa ko da hankalinsa, alhali yana raye, wa ke riƙe masa dukiya, wa kuma ke yanke shawara a kan jinyarsa, da yadda amsar ta sake daga zamani zuwa zamani.

Ya kamata a fara da kalmomi. Hausa ta aro kalmomi uku daga Larabci don mutumin da ke tsaya wa wani, watau wakili da wasiyyi da waliyyi. Wakili mai rai ne ke naɗa shi, yana cikin hankalinsa, ya kuma tuɓe shi ran da ya ga dama. Wasiyyi aikinsa ba ya somawa sai bayan mutuwar wanda ya naɗa shi. Waliyyi kuwa ba mutum ke zaɓar wa kansa ba, shari'a ce ke ɗora shi. Ashe ke nan a cikin ukun babu wadda ta dace daidai da wanda mutum zai zaɓa tun yana lafiya domin ya tsaya masa ran da gigin tsufa ya kama shi.

Alƙalan Kano da littattafan Malikiyya su ke hukunci, musamman Risala ta Ibn Abi Zaid, da Muhtasar na Halilu, da Tuhfa ta Ibn Asim. Waɗannan sun bayyana dalla-dalla hukuncin wanda ciwon ajali ya kama. Ba shi da ikon yin kyauta da abin da ya wuce sulusin dukiyarsa, auren da ya ɗaura a cikin ciwon ɓatacce ne, matar da ya saka kuma tana gadonsa ko da ta gama idda. Amma fa ba a hana shi ciniki ba, ba a kuma hana shi kashe kuɗi a kan abincinsa da maganinsa ba, ko da magada ba su so. Wasiyya ita ma ba ta wuce sulusi, ba a kuwa yi wa mai gado sai da yardar sauran magada. Wanda hankalinsa ya gushe bayan ya girma, alƙali ne ke hana shi sarrafa dukiyarsa, ya naɗa mai kula da ita. Wakilin da ya naɗa tun da farko, idan gushewar ta daɗe ƙwarai, al'amarinsa ya koma gaban alƙali.

Ko da ya ke haka hukunci ya ke a littafi, manomin karkara ba safai ya kan kai ubansa gaban alƙali ba, domin abin kunya ne. Abin da ya toshe wannan kafa shi ne gandu, kalmar da ba ta cikin littattafan fikihu. 'Ya'ya maza, har da masu aure, su kan yi aiki a gonar uba, shi kuwa ya ciyar da su, ya biya musu haraji, ya yi musu aure, ya ba kowa gayauna. Sa'ad da ƙarfinsa ya ragu, sai ya sakar wa babban ɗa ko ƙane ragamar gandu kaɗan kaɗan, shi ya koma zaure. Ba a rubuta kome ba, amma mai unguwa ya sani, liman ya sani, maƙwabta sun sani. Jinya kuwa aikin mata ne, na matan gida da 'ya'ya da surukai. Zaɓen magani, ko na wanzami ko rubutun malam, a cikin gida a ke yinsa.

Dattijo mai hangen nesa yana da wata dabara kuma, watau kyauta tun yana da lafiya. Ya kan yanka wa ɗa ko 'ya gona a gaban shaidu, wanda aka ba ya karɓa ya shiga nomanta. Wannan karɓa ita malamai ke kira hauzi, in kuwa ba a yi ta ba har ciwon ajali ya kama mai kyautar, to, kyauta ta ɓaci. Muhimmancin wannan ya ƙaru cikin 1923, lokacin da Sarkin Kano Usman ya hana mata gadon gida da gona. Hanin ya zauna har 1954, da Sarki Muhammadu Sanusi ya ɗage shi. A cikin waɗannan shekaru talatin da ɗaya, matan da ke ɗawainiyar jinyar tsoho su ne ba su da rabo a gonarsa, sai fa in ya mallaka musu tun da ransa da hankalinsa. Steven Pierce, wanda shi ma a Ungogo ya yi bincike, ya tattauna wannan hani a littafinsa na 2005.

Turawa, bayan sun ci Kano cikin 1903, sun bar wa alƙalai shari'ar aure da gado. Dokar ƙasa ta 1910 ta sa ƙasar Arewa duka ƙarƙashin ikon Gwamna, amma wannan bai hana manoma saye da sayarwa da jinginar gonaki ba, rigingimun gona kuwa majalisar Sarki ke jinsu. Game da gushewar hankali, dokar da suka kafa cikin 1916, wadda aka sake tsarawa cikin 1958, hankalinta ya fi karkata ga tsare mai taɓin hankali, ba ga jin abin da ya ke so ba. Ita ta zauna har watan Janairu na 2023, da aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa.

Abubuwa uku ne suka raunana tsohon tsari. Na farko, ƙarancin ƙasa: gonar da aka raba wa magada sau biyu ko sau uku ba ta isa ta riƙe 'ya'ya a gandu ba, sai su tafi ci-rani ko su shiga birni neman aiki. Na biyu, birni ya tarar da ƙauye. Bayan dokar amfani da ƙasa ta 1978, da kafa sabon mazaunin Jami'ar Bayero a kan hanyar Gwarzo, gonakin wannan shiyya suka zama fulotai masu tsada, sa hannun tsoho a kan takardar ciniki ya zama abin da a ke jayayya a kansa a kotu: ran da ya dangwala yatsa, yana cikin hankalinsa ko kuwa? Na uku, asibiti da banki. Banki bai san gandu ba, mai ajiya kaɗai ya sani. Likita kuma kafin ya yi tiyata ya kan nemi ɗan'uwa mafi kusa ya sa hannu, a gidan da ke da mata uku da 'ya'ya ashirin kuwa, kowane ɗaki yana ganin shi ne mafi kusa.

Waɗansu ƙasashe sun yi wa wannan matsala doka ta musamman. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yarda cikin 1976 mutum ya rubuta irin jinyar da ba ya so a yi masa in ajali ya matso. Ingila ta kafa wakilcin da ba ya ƙarewa da gushewar hankali cikin 1985, ta faɗaɗa shi zuwa sha'anin lafiya da dokar 2005. A Nijeriya, Kotun Ƙoli ta tabbatar cikin 2001, a shari'ar Dokta Okonkwo, cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin magani, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 kuma ta wajabta a sanar da majinyaci halin da ya ke ciki da ikonsa na ƙi. Sai dai waɗannan biyun duk maganar wanda ke iya buɗe baki ya faɗi ra'ayinsa su ke yi.

Abin da tarihin ya nuna ke nan: shari'a ta tsara lafiya, ta tsara ciwon ajali, ta tsara mutuwa, shekarun da ke tsakani kuwa iyali ne suka riƙe su muddin gona tana haɗa su. Yanzu da gonar ta tafi, abin da a da unguwa ta sani ba tare da takarda ba, dole a faɗe shi a fili. Kayan aikin ba baƙi ba ne: kyauta tare da hauzi, wakilci a rubuce gaban shaidu, wasiyya a cikin sulusi, da bayanin dattijo a gaban iyalinsa da limaminsa na wanda ya ke so ya tsaya masa a asibiti, domin ya zama abin dogara ga likita da alƙali wajen sanin nufinsa. Sharaɗinsu duka ɗaya ne, watau a yi su mutum yana da lafiya, hankalinsa cikakke, gama ba a fafe gora ranar tafiya.