Jego: Haɗurran kwana arba'in na bayan haihuwa

Jego shi ne lokacin da mace take murmurewa bayan haihuwa. A al'adar Hausawa kwana arba'in ne, likitoci kuma suna ƙirga mako shida. A garuruwa irin su Ruwan Godiya ta ƙaramar hukumar Faskari, inda mata da dama ke haihuwa a gida a hannun ungozoma, dangi ne ke fara ganin alamun haɗari, don haka ya kamata su san su.

Zubar jini ce kan gaba wajen kashe masu jego a duniya. Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗaukar zubar rabin lita cikin sa'o'i 24 na farko a matsayin haɗari. Yawanci mahaifa ce ke kasa tsukewa, ko wani ɓangare na mabiyiya ya maƙale. A 2023, binciken E-MOTIVE, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranta a Najeriya, ya nuna cewa auna jinin da ba da magunguna nan take na rage mummunar zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100.

Wani haɗarin kuma shi ne ciwon zuciya. A shekarun 1970 likitoci Davidson da Parry sun gano yawaitarsa tsakanin masu jego a Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa, wankan ruwan zafi da kwanciya kan gado mai wuta. Kanwa na ɗauke da gishiri mai tara ruwa a jiki, ya ƙara wa zuciya nauyi. Alamunsa su ne haki, kumburin ƙafafu da tari idan an kwanta.

Doguwar naƙuda kuwa na haddasa yoyon fitsari, wanda ake ɗinkewa a asibitin Babbar Ruga da ke Katsina.

A garzaya asibiti idan mai jego ta yi zazzaɓi, ko jinin biƙi ya yi wari, ko ta yi matsanancin ciwon kai da dishi-dishin gani ko jijjiga. Ko babu ciwo, ana son ma'aikacin lafiya ya duba ta ranar haihuwa, rana ta uku, mako na biyu da mako na shida.