Matsin Aiki da Kwanciyar Hankalin Ƙaramin Manomi a Karkarar Arewacin Kano

Tsakure

Maƙalar ta duba tushen matsin aiki a tsakanin ƙananan manoman Dambatta, Makoɗa, Minjibir, Bichi da Dawakin Tofa. Hujjarta ita ce, abin da ya fi cin ran manomi shi ne rashin iko da lokacinsa a tsakiyar damina, don haka maganin yana cikin tsarin rance da taimakon juna.

Gabatarwa

Tun a 1965 Michael Mortimore da J. Wilson suka bayyana karkarar da ke kewaye da birnin Kano da cewa yanki ne mai cunkoson jama'a, inda ake nome gona kowace shekara ba a barin ta ta huta. Takin da ake kaiwa a mangala tun da rani shi ke riƙe da ƙasar, rabon gado kuma sai ƙara tsattsaga gonakin yake yi. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa damuwa da fargaba suna jawo asarar ranakun aiki biliyan 12 duk shekara, sai dai tattaunawar da ake yi a kan haka ta fi karkata ga ma'aikacin ofis, ba kasafai ake tuna mai fartanya ba.

Tushen Matsin

Robert Karasek ya nuna a 1979 cewa aiki yana cutarwa idan nauyinsa ya yi yawa, mai yin sa kuma ba shi da ta cewa a kan yadda zai gudana. Wannan ra'i ya dace da noman fari. 'Yan makonni bayan shuka ciyawa kan taso wa gero da dawa a gonaki duka lokaci guda, daidai sa'ar da rumbun talaka ya yi ƙasa, hatsi kuma ya yi tsada. Maigidan da ba shi da abin sa wa a tukunya dole ya kama ƙwadago a gonar mai hali don ya samo awon yini, tasa gonar tana shaƙewa da ciyawa yana gani. Da kaka zai girbe kaɗan, ya sayar da arha don biyan bashi, baɗi ya koma gidan jiya. Polly Hill ta ga irin wannan a Batagarawa ta ƙasar Katsina, inda ta nuna a 1972 cewa talauci kan hana mutum noma ko da yana da gona. Daga nan rashin barci, saurin fushi ga iyali da shan ƙwaya don jure aiki suke samun ƙofa. Binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa magunguna irin su tiramadol ne na biyu bayan wiwi a cikin kayan mayen da ake sha a Nijeriya.

Amsa Suka

Wani zai ce batun matsin aiki baƙon tunani ne, Bahaushe yana da haƙuri da tawakkali. Gaskiya ne imani yana kwantar da zuciya, amma addini ya haɗa tawakkali da riƙo da sababi, kuma kakanninmu da suka ƙirƙiro gayya, gandu da adashi sun san akwai nauyin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Raguwar gandu da komawar gayya ƙwadagon kuɗi su suka bar maigida shi kaɗai. Wani kuma zai ce ai talauci ne kawai, sai an kawar da shi. Wannan ya manta cewa matsin yana da lokaci sananne, tsakanin Yuli da Agusta, kuma buhun hatsi ɗaya a wannan gaɓa yana iya tsayar da manomi a gonarsa har a gama maimai.

Kammalawa

Ya kamata hukumar bunƙasa noma ta jihar Kano (KNARDA) da ƙungiyoyin manoma su tsara rancen hatsi marar ruwa da za a bayar kafin noman fari a biya da kaka, masu unguwanni da limamai su farfaɗo da gayya. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ba za ta amfani karkara ba sai an horar da ma'aikatan asibitin ƙauye su gane damuwa tun kafin ta kai mutum asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Lafiyar manomi ita ce jarin farko na noma, kuma kare ta haƙƙi ne a kan hukuma da al'umma baki ɗaya.