Laburaren Da Aka Ƙwace Wa Suna

 Yau Barcelona za mu je, amma ba filin ƙwallo ba, 'yan Barca ku yi haƙuri.

A tsohuwar unguwar Raval akwai wani gini na dutse da aka aza harsashinsa a 1401. Asibiti ne, sunansa Santa Creu, ya yi shekara ɗari biyar yana karɓar marasa lafiya. A nan ma Antoni Gaudí, mai zanen gine-ginen nan, ya cika a 1926 bayan taragon cikin gari ya buge shi. Yau in ka shiga, inda gadaje suke a da, teburan karatu ne. Nan ne Biblioteca de Catalunya, babban laburaren Kataloniya.

An kafa shi a 1907, aka buɗe wa jama'a a 1914. Me ya sa suka damu? Saboda mutanen yankin suna da harshensu, Katalan, daban da Sifaniyanci, kuma suna son wurin da za su tara abin da kakanninsu suka rubuta. Cikin dukiyarsa akwai 'yan warƙoƙin fata guda takwas ɗauke da wa'azin coci, waɗanda aka tsinto a 1904 a gidan limamin cocin ƙauyen Organyà. Sun kai shekara ɗari takwas, suna cikin rubuce-rubuce mafi tsufa a harshen. Warƙa takwas fa kacal!

To, sai yaƙin basasa ya zo. Da sojojin Janar Franco suka ci Barcelona a 1939, aka kori shugaban laburaren, Jordi Rubió, wanda ya riƙe shi tun 1914. Aka hana Katalan a makarantu da ofisoshin gwamnati. Laburaren kuwa aka cire masa kalmar Kataloniya, ya koma Biblioteca Central kawai. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, a ƙarƙashin wannan sunan aron ne ya buɗe ƙofa a tsohon asibitin a 1940, littattafan harshen da ake dannewa suna jere a kantocinsa, shiru, kamar ba su san abin da ake yi a waje ba.

Franco ya mutu a 1975. A 1981 majalisar dokokin Kataloniya ta yi doka ta mai da shi laburaren ƙasa na yankin, kuma duk littafin da aka buga a Kataloniya dole a kai masa kwafi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.