Yadda ake gano sunayen sojojin da suka ɓace a fagen yaƙi

Idan soja ya mutu a fagen fama ba a ga gawarsa ba, rundunarsa takan rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace. Iyalinsa ba su da kabarin da za su ziyarta, kuma batun gado da fansho yakan tsaya. Shi ya sa Yarjejeniyoyin Geneva na 1949 suka wajabta wa masu yaƙi su rubuta bayanan gawarwaki, su kuma yi wa kaburbura alama.

Aikin gano suna yana farawa ne daga takardu: rajistar runduna, taswirar wurin da aka gwabza, da shaidar mutanen yankin. Idan an samu ramin, masana tono sukan ɗaga ƙasa a hankali, suna ajiye kowane maɓalli, lambar wuya ko guntun kaki. Ƙasusuwa kan nuna tsawon mutum da kimanin shekarunsa, haƙora kuma a gwada su da bayanan likitan soja.

Mataki na ƙarshe shi ne gwajin ƙwayoyin gado, wato ADN ko DNA, wanda ake cirowa daga haƙori ko ƙashi. Akwai nau'in da uwa ke ba ƴaƴanta, akwai wanda ke bin maza daga uba zuwa ɗa. Amma gwajin shi kaɗai ba ya faɗin suna. Sai an samu ɗan uwa mai rai an kwatanta.

Garin Fromelles da ke arewacin Faransa ya nuna haka. A watan Yulin 1916, Jamusawa suka binne sojojin Ostareliya da na Birtaniya a manyan ramuka bayan gumurzu. A 2009 aka tono gawarwaki 250, aka sake binne su a sabuwar maƙabarta a 2010. Zuriyarsu suka ba da samfur, kuma an gano sunayen fiye da 160. A Douaumont kuwa, kusa da Verdun, ƙasusuwan sojoji kusan 130,000 suna tare ba suna.

Sojojin Afirka da Faransa ta ɗiba, waɗanda ake kira “tirailleurs sénégalais”, sun fito daga ƙasashe da dama har da Nijar, kuma lamarinsu ya fi wuya. An rubuta sunayen da yawansu a karkace, ba ranar haihuwa. A Thiaroye, kusa da Dakar, inda sojojin Faransa suka harbe wasunsu ranar 1 ga Disamban 1944 don sun nemi haƙƙinsu, hukuma ta ce 35 suka mutu, masana tarihi suka ce ɗaruruwa ne. Senigal ta fara tono a maƙabartar a 2025.

Don haka duk gidan da kakansa ya tafi soja bai dawo ba, ya adana littafin aikinsa, lambarsa da sunan ƙauyensa. Da irin waɗannan ne masu bincike ke isa ga dangin da za a gwada.