Masoyan da Suka Riga Talabijin

A 1953 wata 'yar Ingila mazauniyar Afirka ta Kudu ta fitar da littafi mai suna The Charioteer. Sunanta na yanka Eileen Mary Challans, amma da Mary Renault duniya ta san ta. Asalinta nas ce. A asibitin Radcliffe na Oxford ta yi horo, kuma a can ta haɗu da Julie Mullard, wadda suka rayu tare har mutuwa ta raba su a 1983. Littafin labarin wani sojan Birtaniya ne da aka yi wa rauni a Dunkirk, yana kwance yana jinya, zuciyarsa ta rabu tsakanin maza biyu. A wancan lokaci luwaɗi laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa a Ingila, kuma haka dokar ta zauna har 1967. Kamfanin da ke buga mata littattafai a Amurka ya ƙi taɓa shi, sai a 1959 wani kamfanin ya fitar da shi a can.

Daga nan Renault ba ta sake kafa labari a zamaninta ba. Ta tattara ta koma tsohuwar Girka. The Last of the Wine ya fito a 1956, a kan samari biyu na birnin Atina zamanin Sokrates. Fire from Heaven na 1969 da The Persian Boy na 1972 kuwa a kan Iskandar sarkin Makidoniya ne, da amininsa Hephaistion, da Bagoas, bawan nan Bafarishe da aka dandaƙe tun yana yaro, wanda ta bakinsa aka ba da labarin na biyun. Dabarar ta ci. Abin da ba a yarda a faɗa game da sojan jiya ba, an bari an faɗa game da jarumin da ya mutu fiye da shekara dubu biyu da suka wuce. Ɗakunan karatu suka saya a matsayin littattafan tarihi, iyaye suka ga ɗansu riƙe da littafi mai hoton kwalkwali da mashi suka ce madalla. Wasiƙu kuwa suka riƙa kwarara zuwa Cape Town, inda ta koma da zama. Cikin masu rubuta mata har da wani yaro ɗan shekara 15 daga Long Island, Daniel Mendelsohn, wanda ya girma ya zama masanin adabin Girka, ya kuma ba da labarin musayar wasiƙun nasu a mujallar The New Yorker a 2013. Ita kanta matar, abin mamaki, ba ta cika shiri da ƙungiyoyin fafutukar 'yan luwaɗi da suka taso a ƙarshen rayuwarta ba. Ta fi son a kira ta marubuciya kawai.

Ɗaya igiyar tarihin ta faro ne daga akwatin talabijin. Ranar 8 ga Satumba 1966 tashar NBC ta fara nuna Star Trek, labarin jirgin sararin samaniya Enterprise da kyaftin ɗinsa Kirk da mataimakinsa Spock, wanda rabinsa ɗan Adam ne, rabi kuma ɗan wata duniya da mutanenta suka haramta wa kansu nuna motsin zuciya. Shirin bai yi kasuwa sosai ba. Da aka so soke shi a 1968, Bjo Trimble da mijinta John suka shirya gangamin wasiƙu har tashar ta ƙara masa zango ɗaya, sannan ya tsaya a 1969 da kashi 79. Masoya dai sun koyi darasi guda: takarda da kan sarki suna iya motsa manyan kamfani.

Akwai kashi ɗaya na 1967, "Amok Time", da ya kamata a tsaya a kansa. Al'adar mutanen Spock ta tilasta masa yin faɗan kisa da Kirk, ya kuma bar fagen yana ganin ya kashe shi. Ya dawo jirgi zai miƙa kansa a hukunta shi, sai ga Kirk tsaye a bayansa, lafiya ƙalau. Mutumin da ba ya dariya ya cafke kafaɗun kyaftin ɗin, ya kira sunansa da ƙarfi, fuskarsa ta washe, kafin ya tuna ana kallonsa ya ɗaure ta. 'Yan daƙiƙoƙi ne kawai. Theodore Sturgeon ne ya rubuta kashin, mutumin da tun 1953 ya wallafa gajeren labari mai suna "The World Well Lost" da ya tausaya wa masu son jinsinsu. Wasu 'yan kallo sun ga abota a wurin, wasu kuma sun ga abin da ya wuce abota, suka ɗauki alƙalami.

Mujallar masoyan shirin ta farko, Spockanalia, ta fito a 1967. Irin waɗannan mujallu da tafireta ake buga su a kan takardar sitensil, a ɗaura a injin da ake juyawa da hannu, a jera shafuka a kan teburin cin abinci ana zagayawa ana haɗawa, sannan a danna musu ƙusa a kai gidan waya. A 1974 Diane Marchant, 'yar Ostareliya, ta buga ɗan gajeren labari, "A Fragment Out of Time", a mujallar Grup. Ba ta ambaci suna ba, amma soyayyar Kirk da Spock take nufi. Cikin 'yan shekaru aka sami mujallu sukutum na wannan salo, ana yi musu alama da K/S. A tarurrukan masoya ƙarƙashin tebur ake ajiye su, kuma mai saye ta gidan waya sai ya haɗa da takardar shaida cewa shi baligi ne.

Mafi yawan masu rubutawa da masu karantawa mata ne, kuma wannan ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Joanna Russ ta yi rubutu a kai a 1985, Henry Jenkins da Camille Bacon-Smith kowannensu ya fitar da littafi a 1992. Bayanin da ya fi kama hankali a ganina shi ne mafi sauƙi: talabijin ɗin wancan zamani bai ba mace matsayin da za ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da jarumi ba, don haka mai son rubuta soyayyar tsara da tsara sai ta ɗauki maza biyun da shirin ya riga ya daidaita. Ba kowa ya ji daɗi ba. Wasu masoyan sun ce ɓata shirin ake yi, wasu 'yan luwaɗin kuma sun ce ba rayuwarsu ake rubutawa ba. Kamfani ma ya taɓa tsintar kansa a tsakiya: a 1985 Pocket Books ya buga Killing Time na Della Van Hise, aka gano ƙamshin K/S a cikinsa, aka janye bugun farko aka sake fitar da wanda aka tace.

A 1986 aka kafa ƙungiyar Gaylaxians a yankin Boston, ta masoya labaran kimiyya waɗanda su kansu 'yan luwaɗi ne da 'yan maɗigo. Su buƙatarsu daban ce. Ba hasashe suke so ba, so suke a nuna irinsu a fili cikin ma'aikatan jirgin, tunda shirin na alfahari da cewa ya zaunar da baƙar fata da Ba'asiye da Barashe a ɗakin tuƙi guda. Gene Roddenberry, mai shirin, ya nuna amincewa. David Gerrold ya rubuta kashi mai suna "Blood and Fire" don sabon zubin The Next Generation, labarin wata cuta ta jini da ke nuni ga ƙanjamau, da ma'aikata biyu maza masoyan juna. Aka jingine shi, Gerrold ya bar aikin. A 1991 ƙungiyar ta yi nata gangamin wasiƙun, Roddenberry ya ce za a gani a zango na biyar, sai ya mutu ranar 24 ga Oktoba na shekarar. Abin da aka samu a 1992 shi ne "The Outcast", labari cikin lulluɓi game da wata al'umma marar jinsi. Jonathan Frakes, wanda ya fito a ciki, ya ce da namiji aka ba matsayin masoyin nasa da saƙon ya fi fita. Rubutun Gerrold kuwa sai a 2008 ya fito, kuma masoya ne suka ɗauka da kuɗin aljihunsu.

Littattafai ba su jira ba. Swordspoint na Ellen Kushner ya fito a 1987, labarin mai takobin haya da masoyinsa, a birnin da babu wanda ya ɗauki zamansu abin magana. A 1989 Mercedes Lackey ta fara labarin Vanyel da Magic's Pawn, yaron da mahaifinsa ya raina, ya zama babban matsafin masarautar Valdemar. Littattafai ne masu ɗan karen hawaye, kuma matasa da yawa sun ce a cikinsu suka fara cin karo da jarumi irinsu.

A Birtaniya ƙofar talabijin ta fara buɗewa sosai. Russell T Davies, wanda ya rubuta Queer as Folk a 1999 ya kuma sa masoyin Doctor Who cikin taurarinsa, shi BBC ta damƙa wa farfaɗo da Doctor Who ɗin a 2005. Ya shigo da Kyaftin Jack Harkness, mai son maza da mata, a shirin da iyali ke kallo da yammacin Asabar. Daga nan aka haifi shirin Torchwood a 2006. Da aka kashe Ianto Jones, masoyin Jack, a Yulin 2009, masoya suka mayar da wani bangon katako a bakin ruwan Cardiff wurin makoki: furanni, wasiƙu a cikin leda don ruwan sama, hotuna, laktaye. Ya shafe fiye da shekara goma a wurin, don mutumin da bai taɓa rayuwa ba. Ƙorafin ya sauya ke nan, daga "ba ku nuna mu" zuwa "me ya sa kullum mu kuke kashewa". Ya sake tashi a 2016 da aka kashe Lexa a shirin The 100. Star Trek ya cika alkawarin 1991 a 2017, da Stamets da Likita Culber a Discovery, sannan ya kashe Culber a Janairun 2018. Ya dawo da shi a zango na gaba.

Sitensil kuwa ya koma intanet, inda mai gida kan iya share ɗakin ba sallama. Haka LiveJournal ya yi a Mayun 2007, ya rufe ɗaruruwan shafuka har da na masu rubuta irin waɗannan labarai. A shekarar aka kafa Organization for Transformative Works, wadda ta gina rumbun kanta, Archive of Our Own, ta buɗe shi ga jama'a a 2009, ba talla, da gudummawar masoya. A Agustan 2019, a birnin Dublin, rumbun ya ci kyautar Hugo, babbar lambar yabo ta wannan fage, marubuciya Naomi Novik ta karɓa a madadin sauran. A daidai lokacin ana nuna The Untamed a ƙasar Sin, shirin da aka ciro daga littafin Mo Xiang Tong Xiu na soyayyar maza biyu, aka mayar da ita aminci don kauce wa hukumar tacewa. Wasu masoyan tauraron shirin, Xiao Zhan, suka fusata da wani labari da aka rubuta a kansa a rumbun, suka kai ƙara wurin hukuma. Ranar 29 ga Fabrairu 2020 aka toshe rumbun a ƙasar baki ɗaya.