Tashin Kwamfuta Daga Nesa: Dabarar 1995 a Kan Hanyar Falgore

A ɗauka mai shagon buga takardu ne a Doguwa, can ƙuryar kudancin Jihar Kano. Ya yi sammako, ya ratsa dajin Falgore, ya wuce Tudun Wada, ya isa birnin Kano da hantsi domin miƙa takardun neman kwangila. Sai a bakin ofishin ya tuna cewa takarda guda ta rage a cikin kwamfutar da ya bari a kashe a gida. Komawa na nufin asarar yini da kuɗin mota, wataƙila har da kwangilar. Akwai dabarar da aka ƙirƙira domin irin wannan rana, sunanta Wake-on-LAN. Sai dai tarihinta ya nuna dalilin da ya sa takan yi gardama a wuri irin Doguwa.

Asalin dabarar daga tsimin lantarki ne. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙaddamar da shirin Energy Star, wanda ya ƙarfafa ƙera kwamfutocin da ke yin barci idan ba a aiki da su. Hakan ya rage kuɗin wuta, amma ya jawo wa manyan kamfanoni wata matsala. Ma'aikatan da ke kula da ɗaruruwan kwamfutoci sun saba sabunta manhajoji da dare, bayan kowa ya tashi, ga shi na'ura mai barci ba ta karɓar umarni. A 1995 kamfanin AMD, tare da Hewlett-Packard, ya fito da mafita mai suna Magic Packet. A shekarar ce kuma Intel ya fitar da tsarin ATX, wanda ke barin 'yar wuta mai ƙarfin bolt 5 tana gudana ko da an kashe kwamfuta, muddin tana jone da soket. A 1997 IBM da Intel suka yaɗa fasahar da sunan da aka san ta da shi yau.

Yadda take aiki ya yi kama da masu tashin mutane sahur a watan azumi. Ana aika ɗan gajeren saƙo mai bayit 102 ga dukan na'urorin da ke gida ɗaya: bayit 6 na farko alama ce ta a saurara, sauran kuma lambar MAC ce ta kwamfutar da ake nema, an maimaita ta sau 16. Kowa na jin kiran, amma mai sunan kaɗai ke tashi, domin katin sadarwarsa bai yi barci ba, yana kasa kunne da waccan 'yar wutar.

An tsara wannan ne domin cikin ofis guda. Da mutane suka so aiko da kiran daga wani gari ta intanet, sai suka ci karo da rauta, na'urar da ke tsaye tsakanin gida da duniya kamar zaure. Da farko ana iya umartar rauta daga waje ta yi shela ga duk na cikin gida. Maɓarnata suka mayar da wannan dama makamin cunkushe hanyoyin sadarwa, har a 1999 masu tsara ƙa'idojin intanet suka ce a riƙa fitar da rautoci da wannan ƙofa a rufe. Saura hanya ta biyu, wato a buɗe wata kafa a rauta a ce duk saƙon da ya zo ta nan a miƙa wa kwamfuta kaza. Ita ma da sauran rina a kaba, domin bayan ɗan lokaci da yin shirun kwamfuta rauta kan manta da inda take, sai an rubuta mata lambar dindindin.

Duk waɗannan gyare-gyare sun dogara ne da zato biyu: gidan yana da adireshinsa na kansa a intanet, kuma wuta ba ta yankewa. Tarihin sadarwa a Najeriya ya bi wata hanya dabam. Kafin 2001 layukan tarho na NITEL a ƙasar baki ɗaya ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu kuma a manyan birane. A watan Janairun 2001 hukumar NCC ta yi gwanjon lasisin GSM, a watan Agusta Econet da MTN suka fara aiki, Glo ya biyo baya a 2003. Garuruwa irin su Kiru, Bebeji, Tudun Wada da Riruwai sun shiga intanet ne ta dogayen ƙarafunan sabis, ba ta wayar da aka ja zuwa kowane gida ba.

Wannan tsallake ya zo da farashinsa. Tsarin adireshin IPv4 na 1981 yana da gurabe kimanin biliyan 4.3 kacal, kuma babban rumbunsu na duniya ya ƙare a watan Fabrairun 2011. Saboda ƙarancin, kamfanonin wayar salula kan tara masu amfani da yawa a bayan adireshi guda. Rautar da ke aiki da layin waya ta zama kamar ɗaki a cikin babban gidan haya mai ƙofa ɗaya, wadda makullinta ke hannun kamfani. Na ciki na iya aika saƙo waje ya sami amsa, amma baƙon da ya zo daga waje bai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Komai ƙwarewar mai shago wajen saita rautarsa, kiran ba zai iso ta ba.

Zato na biyu ma bai tsaya ba. Daga NEPA ta 1972 zuwa PHCN, har zuwa KEDCO da ya karɓi rarraba wuta a Kano, Katsina da Jigawa a 2013, ɗaukewar lantarki ba baƙon abu ba ne a karkara. Idan wuta ta tafi, rauta ta mutu, kunnen da ke sauraro a cikin kwamfuta ya toshe. Wasu kwamfutocin ma, ko wutar ta dawo, ba sa koma sauraro sai an kunna su da hannu sau ɗaya.

Mafitar da ta dace da irin wannan wuri ta juya tsarin ne. Maimakon jiran baƙo daga waje, sai a ajiye wakili a ciki: ƙaramar na'ura mai cin wuta kaɗan, irin Raspberry Pi da aka fara sayarwa a 2012, ko rauta mai wannan damar. Ita ce ke miƙa hannu waje ta kafa amintacciyar hanya ta VPN, mai gida ya biyo ta da wayarsa, sannan ta yi kiran nan sau 16 daga cikin ɗaki. Ƙaramin faifan sola da batir sun isa su riƙe ta tare da rauta, amma kwamfutar kanta sai an haɗa ta da inbata. Hanyar ta fi tsaro, domin ba a bar wata kafa a buɗe ga kowa ba.

Ga mai shagon da ke tsaye a bakin ofis a Kano, abin da zai raba shi da komawa Doguwa shi ne shirin da ya yi kafin ya fito: batir mai caji, wakili a farke, da gwaji daga wani gari tun ranar da babu gaggawa. In babu waɗannan, tsohuwar hanya tana nan, wato ya buga waya gida a sa yaro ya danna maɓalli.